Gorar Baffa

Maƙwabcina ya sayi keke. Ba irin namu na da ba ne, wani siriri ne mara kariyar ɗaukar kaya a baya, har da hular kwano da yake kifawa a ka in zai hau. Mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi Dutse, kuma ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Abin da ya haɗa ni da keken nan nasa ƙararrawa ce. Ya samo tsohuwar ƙararrawa ta ƙarfe, irin wadda ake dannawa da babban yatsa, ya ɗaura. Wata Asabar da safe ina zaune a ƙofar gida sai ya kaɗa ta don ya gaishe ni, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Shekara da shekaru rabona da jin wannan ƙara, kuma a da duk lokacin da na ji ta miƙewa nake yi, domin Baffa ne ya fito.

Ya taka birki ya ce, "Malam, don Allah ina ne mutum zai samu hanya mai shiru a nan, mai itatuwa? Titin Kiyawa 'yan acaɓa da masu adaidaita sun kusa kashe ni."

Na ce masa zan yi tunani. Gaskiyar magana ba na bukatar wani tunani, na san hanyar sarai. Raina ne ya ɓaci, kuma ba shi ya ɓata min ba.

Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi, a wani ƙauye da ke tsakanin Dutse da Kiyawa. Manomi ne kamar kowa, ba shi da sarauta, ba shi da wata dukiya da za a nuna. Abin da yake da shi baƙin keke ne mai nauyin tsiya, wanda yake kula da shi fiye da rigar jikinsa. Da safe zai goge shi da tsumma, ya ɗiga wa kaca mai, ya matsa tayoyin da yatsa, sannan ya kaɗa ƙararrawa a zaure. Wannan kiran nawa ne. Ko koko nake sha sai in dire kwanon in fito a guje, in haye kariya, in zauna a kan wani tsumma da Inna, matarsa, ta naɗa min don kada ƙarfe ya ci min cinya.

Hanyar da muke bi ta tashi ne daga bayan masallaci, ta ratsa gonaki, ta bi gefen fadama, sannan ta shige kurmi. Mota ba ta taɓa bin ta ba. Jar ƙasa ce mai tauri wadda ƙafafun mutane da na jakuna suka daddaɓe, keke na tafiya a kanta sumul ba gargada. Da bazara, lokacin da rana ke neman dafa wa mutum ƙwaƙwalwa, da mun wuce gonar ƙarshe sai sanyi ya doke ka a fuska kamar ka leƙa randa. Tsamiya ce ke fara tarbar ka, sai kanya, sai ɗorawa da marke da kirya, rassansu sun haɗe a sama har rana sai dai ta leƙo. Ba ka jin komai sai ƙarar kaca da kukan kurciya. Da damina ƙasa na ƙamshi, ganye na ɗigo mana ruwa a wuya. Da kaka kuwa kanya na zubowa a kan hanya, in muka ci karo da matan Fulani da ƙoren nono a ka sai Baffa ya rage gudu tun daga nesa, ya kaɗa ƙararrawa a hankali don kada su firgita. Wani lokaci tsidau ya huda mana taya, mu zauna a gindin tsamiya yana faci, ni kuma ina shaƙar warin sholisho ina addu'a kada ya gama da wuri.

Baffa ba ya magana in yana tuƙi. Wuri ɗaya yake buɗe baki. A tsakiyar kurmin nan tsohuwar makabartar garinmu take, da mun kusa sai ya sauka, ni ma in sauka, ya tura keken da hannu, ya yi wa mutanen wurin sallama. Akwai wani marke mai kauri a gefen hanya, nan yake tsayawa. Wata rana ya nuna min ƙasa da baki ya ce, "Nan tsohuwata take, tsohona na gabas da ita. Daga nan zuwa saiwar can, wurina ne in Allah Ya yarda."

Ban taɓa jin Baffa ya roƙi wani abin duniya ba. Wannan kaɗai yake so, ranar da ta Allah ta kasance a ɗauke shi a kafaɗa a bi da shi ta wannan hanya, a kwantar da shi a gindin marken nan kusa da iyayensa. Saboda wannan buri ne ma gorar ta zame masa aiki.

Gorar sanda ce doguwa, ta yi baƙi saboda hayaƙi da shekaru, a saman zaure take kwana. Kakanmu ne ya yanko ta. An ce wata damina aka yi rasuwa, dawa ta yi tsayi, hanyar kuma manoma sun ci gefe da gefenta har ta koma kamar ta awaki. Masu ɗauke da makara suka faɗa gonar wani, mai gona ya taso da masifa, aka tsaya ana cacar baki da gawa a kafaɗa. Kunyar wannan rana ce ta sa dattawa suka ajiye makara a ƙofar masallaci, suka tsayar da mutum ɗaya a kowane gefe, tunda ana tafiya ana karɓeɓeniya ne, suka yanke gora daidai wannan faɗin. Suka ce daga yau wannan ce hanya, duk abin da gora ta taɓa ba gona ba ne. Kakanmu a ƙafa yake bi da ita, riƙe a gicciye. Da ta zo hannun Baffa sai ya ɗaura ta a kan keke, ta gaba, inda idonsa zai riƙa ganin bakinta biyu.

Da an yi shuka yake fita da ita, sannan ya sake fita lokacin huɗa, domin a nan ne garma ke yin ɓatan kai ta ƙara kunya guda ta wajen hanya. In ka hango mu daga nesa sai ka ce wani babban tsuntsu ne ya buɗe fukafukai, yara na bin mu da ihu har ƙarshen gari. In gora ta taɓi shukar wani, Baffa ba ya cire ko kara ɗaya. Gidan mai gonar zai je, ya yi sallama, a gaisa a tambayi iyali da ruwa da dabbobi, sai zai tashi sannan ya ce, "Gora ta taɓa." Shi ke nan. A zamanin da nake ƙarami, kafin la'asar mai gonar ya je da kansa ya tuge abin da ya shuka, kuma sai ya yi kwanaki yana sunkuyar da kai a masallaci.

To amma mutanenmu, Allah Ya shirya mu. Wani mai wayo ya lura cewa gora a sama take wucewa, sai ya shuka gyaɗa a bakin hanya. Gora ta wuce ta kanta ba ta taɓa komai ba. Da shekara ta zagayo ya shuka gero a wurin, ya ce ai bara ma ya noma, kowa shaida ne. Kafin ka ce me, bakin hanya duk ya zama gyaɗa da wake. Sai Baffa ya sake dabara. Ya samo igiya ya ɗaura a kowane bakin gorar, ya rataya guntun ƙarfe yana jan ƙasa, duk inda muka bi sai ka ga zane biyu a kan danshi. Na yi murna ranar, na ɗauka mun gama da su. Yaro ne ni, ban san cewa zane a ƙasa ruwa ɗaya ke wanke shi ba.

Abin da ya canza ba faɗa ba ne, da ma faɗan aka yi da sauƙi. Babu wanda ya taɓa ɗaga wa Baffa murya. Durƙusawa suke yi har ƙasa su gaishe shi, a kawo masa ruwa a sabon kwano, in ya ce gora ta taɓa sai a ce, "Ashsha! To Baffa, in sha Allahu za a duba." Wallahi har yau in na ji mutum ya ce min za a duba sai raina ya ɓaci. Ba a dubawa. Gero ya yi kai, a girbe, a kai rumbu, Baffa kuma a aiko masa da dami ɗaya wai na gaisuwa, ya mayar, a ce tsohon nan ya cika tsauri. Cikin masu yin haka har da ɗan ƙanwarsa, wanda shi ma a kan kariyar nan ya girma.

Tsohon mai unguwa ya rasu, wanda ya gaje shi kuma gonarsa na bakin hanyar. Na raka Baffa wurin sabon sau ɗaya, lokacin na fara zama saurayi. Ya saurare mu da ladabi, sannan ya ce, "Baba, ai yanzu ga sabuwar makabarta a bakin titi, mota ma na shiga. Wa zai ɗauki gawa a kafaɗa har cikin kurmi?"

Baffa ya ce, "Ni za a ɗauka."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya faɗi abin ban sha'awa. Shi bai yi ba.

Daga nan masu gawayi suka shigo. Kirya suka fara ci, don ita ce mai gawayi mai kyau, sannan suka bi sauran. Ka wuce bishiya yau, ka dawo jibi ka tarar da kututture da tudun ƙasa yana hayaƙi. Inda muke shiga sanyi sai ya zama rana ce ke jiran mu. Ni kuma na tafi makaranta, na dawo na samu aiki a Dutse, na yi aure, zuwana ƙauye ya koma na ƙarshen mako. Garin Dutse ya riƙa miƙe ƙafa yana matsowa, dillalai suka fara yawo da igiyar awo, gonaki suka koma fulotai. Wani mai hali daga birni ya sayi fili mai tsawo a gefen fadama ya yi lambun mangwaro, ya kewaye da waya. Wani kuma ya sayi ɗaya gefen ya ja katanga. Kowannensu ya ci rabin hanya, suka bar wata 'yar rata a tsakani wadda ruwa zai bi.

Fitarmu ta ƙarshe da gora ni na tuƙa. Ƙafafun Baffa sun daina jan feda, idonsa ma ya fara hazo, amma da na zo wata damina bayan huɗa sai ya ce in sauko da ita. Na ɗaura, ya hau kariya, ya riƙe rigata ta baya kamar yadda nake riƙe tasa a da. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Tun daga bayan masallaci gora ke dukan gero hagu da dama, fat-fat-fat, ba ta huta ba. Mutane na gona suna ɗago kai suna cewa, "Sannu Baffa, Allah Ya ƙara lafiya!" Da muka isa tsakanin katanga da waya, gora ta cije, keke ya tsaya cak. Ya sauka da ƙyar, ya shafa katangar da tafin hannu, ya lalubi wayar ya girgiza ta.

Ya ce, "Kwance ta." Na kwance gorar. Sai ya ce, "Wannan gefen ai waya ce. Ranar, ku kwantar da ita ku wuce da ni, in kun dawo ku tayar musu da abinsu."

Na yi yawo a kan maganar nan har takalmina ya gaji. Na koma wurin mai unguwa, na je wurin dillalin da ya sayar da filin, na samu maigadin lambun, na roƙa a matsa da shingen ko da taku biyu ne. Kowa ya tausaya, kowa ya yi wa Baffa addu'a, kowa ya ce za a duba. Da rani mai lambu ya cire wayar ya sa bulo. Baffa ya riga ya daina fita, ni kuma ta titi nake zuwa. Duk garin sun sani, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗa wa tsoho, babu wanda ya faɗa min, wai kada ranmu ya ɓaci.

Ya rasu da damina, da sassafe. Kafin in iso an fara shiri, na tara mutane na faɗi wasiyyarsa, kowa ya ce ai an sani. Samari suka ɗauki shebur suka je suka haƙa kabari a gindin marke. Da suka dawo na tambayi babbansu, "Hanya fa?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Za a gwada, Yaya."

Aka yi masa salla aka ɗauka. Ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar a garinmu ba, kuma duk waɗanda gora ta taɓa suna ciki, suna rige-rigen sa kafaɗa. Da idona na ga ɗan ƙanwarsa yana tattaka geronsa da ƙafarsa yana kuka. Muka ratsa gonaki, muka bi gefen fadama, sai na gaba suka tsaya. Na kutsa na je na gani. Katanga ce hagu, katanga ce dama, sabon bulo ko filasta ba a yi masa ba, an jera fasassun kwalabe a kai. Ratar da ke tsakani mutum ɗaya ce, mai ƙiba ma sai ya karkace.

Wani ya ce a karkata makarar a shigar da ita ta gefe. Liman ya ce, "A'a, ba a yi wa mamaci haka." Aka ce a zagaya, fadama kuwa ta cika maƙil, ruwa har ƙirji. Aka buga ƙofar lambu, maigadi ya fito yana rantsuwa cewa makullin ƙofar baya na wurin maigidansa a birni. Aka kira wayar mutumin ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Duk wannan Baffa na kan kafaɗun mutane, a daidai irin tsayuwar da aka yanke gora don kada a sake yin ta. Ina hango kan marken ta saman katanga. Hadari kuma ya haɗo daga gabas.

Liman ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, haƙƙinsa a gaggauta. Ƙasa duk ta Allah ce."

Na san gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ranar kowa gaskiya yake faɗa, kowa da ladabinsa, babu wanda zan shaƙe. Ko wurin juya makarar babu. Masu ɗauka ne suka juya a inda suke tsaye, na baya suka zama na gaba, aka dawo da shi ta hanyar da aka zo. A bakin masallaci aka sa shi a bayan a-kori-kura. Sabuwar makabarta ko bishiya ɗaya babu, muka tsaya ana haƙa wani kabarin, manyan motocin yashi na wucewa suna girgiza ƙasa.

Da yamma, bayan ruwa ya ɗauke, na ɗauki kekensa da shebur na koma. Ba gora, don haka na wuce ratar, gwiwar hannuna na gogar bulo. Kabarin na nan a buɗe a gindin marke, daidai inda ya nuna min, ruwa ya taru a cikinsa. Ni kaɗai na mayar da ƙasar. Da na gama na ɗaga kai sai na lura da abin da ban lura da shi ba a da: duk kurmin nan an cinye shi, itatuwan makabarta kaɗai suka rage, domin ko mai gawayi yana tsoron sa gatari a kan matattu. Tsamiya da kanya da marke suna nan, sanyin na nan, kurciya na kuka kamar ba abin da ya faru.

Gorar tana wurina a Dutse. Babu ɗakin da ta shiga a miƙe, sai a soro na jingine ta a karkace. 'Ya'yana sun ɗauka ta kaɗo mangwaro ce. Wani lokaci ina kallon lungunan unguwarmu, yadda kowa ke turo dakali da ramin masai waje taku ɗaya, sai in ji kamar in sauko da ita, sannan in tuna amsar da za a ba ni.

Bayan kwana biyu na kira maƙwabcina na kwatanta masa hanyar. Na ce in ya isa ƙauyenmu ya bi ta bayan masallaci, ya bi gefen fadama, in ya ga itatuwa ya sauka ya tura da hannu, akwai mutane kwance a wurin. Ya ce ya gane, haka ake yi a garinsu ma. Asabar ta zagayo ya tafi, bai dawo ba sai wajen azahar, fuskarsa cike da murna, yana kaɗa min ƙararrawa tun daga bakin layi.

Ya ce, "Malam, wurin nan ya yi! Shiru, sanyi, ko babur ɗaya ban gani ba. Sai dai akwai wani wuri tsakanin katanga biyu, da ƙyar na wuce."

Na ce, "Ai ka yi sa'a. Kai da ƙafarka ka je."